Sunan Da Iya Ta Faɗa Wa Dutse

Har yau in na bi ta gefen hasumiyar dutsen nan da ke cikin lambun shaƙatawa na tsohuwar unguwarmu, sai in ji raina ya ɓaci. Baƙi kan tsaya su ɗauki hoto a gabanta, suna cewa ta yi kama da gidan sarakunan Turawa na zamanin da. Ni kuwa abin da nake gani daban ne. Wata gajeruwar tsohuwa nake gani, sanye da kwat ɗin ɗanta da ta yi mata yawa, ta ba ni baya tana magana da bango.

Kakata ce, mahaifiyar Baba, muna ce mata Iya. Ta zo New York a farkon shekarun saba'in, lokacin Baba yana aiki a ofishin jakadancin ƙasarmu, muna zaune a hawa na huɗu na wani tsohon bene a University Heights. An ɗauko ta ne don ta zauna da Umma, wadda ke fama da ciki mai laulayi. Ina da shekara goma, ƙanena Abba yana da takwas. Ni sunan Iya aka sa mini, shi ya sa kowa ke ce mini Ummi. Abba kuma sunan mahaifin Baba ya ci. A gidanmu da wuya ka ji an kira mutum da sunansa na yanka. Iya ba ta taɓa kama sunan Baba ba, saboda shi ne ɗanta na fari. "Wannan na ofis" take ce masa, ko da yana zaune kusa da ita yana cin tuwo.

Mai gidan da muke haya mutum ne da bai san Allah ba. Da zarar sanyi ya kankama, sai injin ɗumama gidan ya lalace, kuma ba ya gyaruwa sai ya ga dama. Baba ya yi waya har ya gaji. Iya ta ce ita ba ta taɓa jin inda mutum mai hankali ya zauna cikin sanyi yana jiran waya ba. Ta kunna murhun gas, ta buɗe ƙofar wurin gashin nan na ƙasa, ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar kicin. Wannan ita ce wutar da muka ji ɗumi a bakinta. Da hunturu duhu kan yi tun ƙarfe biyar, don haka ana idar da magariba muke zagaye ta, harshen wutar shuɗi yana haska mana gwiwoyi.

Takan fara da cewa, "To, baƙuwa ta iso, wa zai ba ta wuri?" Ni in ce ta shigo ta zauna. Abba kuwa, wanda ke jin Hausa sarai amma bakinsa ya ƙi ta, sai ya ce "Come in," Iya ta kai masa dundu ta ce miji irin wannan da ba ya jin maganar matarsa sakinsa za ta yi. Daga nan sai kura da zomo, sai 'yar sarkin ruwa, sai dodon da ke cin yaran da ba sa wanke hannu. Ta iya murya. In tana yin kura, har Umma sai ta leƙo daga ɗaki tana dariya riƙe da ciki.

Hasumiyar ce ta canza hirar. Wata Asabar, kafin sanyi ya yi tsanani, Umma ta ce mu raka Iya lambu ta miƙe ƙafa. Muna hawa tudun sai ga ta a gabanmu, doguwa, an gina ta da manyan duwatsu, tana da 'yan tagogi matsattsu da haƙora a kanta kamar zankwayen soro. Iya ta tsaya cak. Ta ce ashe akwai Musulmi a garin nan tun tuni, amma aka ɓoye mata. Ta cire takalmanta a kan ciyawa mai sanyi ta nufi ƙofa, tana tambaya ina harabar masallacin take. Ni da Abba muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da nake jin haushin kaina a kansu.

Ƙofar a ɗaure take da sarƙa. Samarin unguwa sun fesa fenti a jikin bangon, ga kwalabe a fashe a kan matakala. A gefen ƙofa akwai wani allon tagulla da ya yi tsanwa, sai Iya ta ce in karanta mata. Na karanta ina fassarawa. Wani attajiri ne ya sa aka gina ta don tunawa da abokinsa, wani mutum da ya yi suna a zamaninsa. Ba masallaci ba ce, ba kabari ba ce, ba wanda ya taɓa kwana a cikinta. An jawo duwatsun da dawaki, aka ɗora su har sama, don kawai mai wucewa ya ɗaga kai ya tuna da mutumin. Allon ya faɗi sunan abokin, ya faɗi na attajirin, ya yaba su duka biyun.

"Karanta mini sunan maginan," in ji Iya.

Na ce babu. Ta ce in duba ƙasa, wajen ƙananan rubutu. Na duba, na ce babu. Ta matsa ta shafa wani dutse, ta bi sawun kurfi da yatsa, inda wani ya sassaƙe shi har ya zauna daram a kan ɗan'uwansa. Ta daɗe a haka. Daga nan ta yi tsaki mai tsawo, ta mayar da takalmanta, ta ce mu koma gida.

Ran nan da magariba ba ta ce baƙuwa ta iso ba. Ta zauna ta zura wa wuta ido, ta fara.

Ta ce a wani gari akwai wani magini, ɗan magina, jikan magina. In ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu, ya san ko za ta yi gini ko ba za ta yi ba. Sai wani Bature mai mulkin yankin ya mutu da zazzaɓi, 'yan'uwansa suka ce a gina masa hasumiyar dutse a kan tudu, irin ta ƙasarsu. Aka tattaro magina ta hannun mai gari, ba a tambayi kowa ko yana so ba. Magini ya ce damina ba lokacin gini ba ce, laka ba za ta riƙe dutse ba ana ruwa, a jira rani. Mai kula da aikin ya ce babban baƙo zai zo ya buɗe ta, kuma baƙo ba ya jiran rani. Aka ci gaba da ɗora dutse.

Maginin yana da amarya, watansu bakwai da aure. Kullum da azahar takan kai masa fura a ƙwarya. Wata rana, bayan an kwana ana ruwa, ta iso ta sauke ƙwarya ta ɗaga kai. Daga ƙasa ta ga abin da na sama ba sa gani. Bangon ya yi ciki, laka tana tsiyaya daga tsakanin duwatsu. Mijinta yana can ƙololuwa, ya juya baya, yana gyara wani dutse. Ta buɗe baki. Amma 'yar mutunci ba ta kama sunan miji, balle a gaban maza cike da wuri, ga surukinta a cikinsu yana kwaɓa ƙasa. Sai ta ce, "Kai!" Ba wanda ya kula. Ta ce, "Malam!" Mutum uku suka waiwayo, ba ya cikinsu. Sunan yana kan harshenta tana juya shi, bango ya zube.

Iya ta ce an gama hasumiyar bayan damina, daidai lokacin da magini ya ce a jira tun farko. Aka liƙa allon tagulla da sunan Bature, da garin da aka haife shi, har da sunan dokinsa. Magini kuwa an kai shi makwancinsa da yamma, aka koma aiki da safe. A nan ta tsaya. Ba ta rufe ta da wasan da take rufe sauran ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Takwara, da ke ce, me za ki yi?"

Abba ne ya amsa, bakinsa cike da gyaɗa. "Just call him, Iya. Ki kira shi kawai." Iya ta buga ƙofar murhun ta rufe da ƙarfi har tukwane suka yi ƙara. Ta ce mu tashi mu ba ta wuri, yaran da aka haifa yanzu ba su san komai ba.

Tun daga ranar, duk bayan kwana uku ko huɗu sai ta dawo da magini. Ba ta canza ko kalma ɗaya, ita da take sake wa kura hali kullum. Muka gaji. Na tambaye ta sunan maginin, tun da kowa a tatsuniya yana da abin da ake kiransa. Ta ce ba shi da suna a bakinta. Umma ce ta gaya mini gaskiya wata rana ina taya ta ninke kayan jariri. Ta ce ba tatsuniya ba ce. Mijin Iya ne na fari, kafin ta auri mahaifin Baba. Ba su haihu ba. Danginsa sun watse, tsofaffin da suka san shi sun ƙare. A duk duniya Iya kaɗai ta rage da sunan, kuma ita ce ba ta da bakin faɗarsa. In ta mutu, ya tafi da ita.

Baba ya tsani wannan labari. In ya dawo ofis ya tarar ana yinsa, sai ya tsaya a ƙofar kicin da jakarsa a hannu ya ce Iya ta daina tsoratar da yara. Ba tsoronmu yake ji ba, na gane daga baya. Kunya yake ji a ce uwarsa tana tuna wani namiji da ba ubansa ba. Mutum mai ɗaura wuya, mai rubuta wa manya jawabi a kan 'yancin baƙar fata, amma ba zai iya zama minti biyar a kan tabarma ya ji abin da ke cin uwarsa ba.

Umma ta haihu a tsakiyar hunturu, namiji. Kwana huɗu da haihuwa, bayan magariba, Baba yana cin abinci a kicin saboda nan ne kawai ɗumi, ni ina wanke kwanoni. Iya ta kori Abba, ni ta bar ni. Ta zauna a gaban ɗanta.

"Wannan na ofis, ban taɓa roƙonka komai ba," in ji ta. "Ka yi wa ubanka takwara, ka yi mini. Wannan ka ba ni shi, a sa masa sunan magini. In ka yarda, ni da bakina zan faɗa wa liman."

A lokacin ban san girman abin da ta miƙa masa ba. Shekara hamsin tana riƙe da bakinta, ta yarda ta buɗe shi a gaban malami da maza, ta bar duniya ta ce tsohuwa ta zubar da kunya. Baba ya ajiye cokali. Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Ba zan sa wa ɗana sunan mutumin da ba ubana ba. Kuma don Allah kada ki faɗa, ba na ma son in ji shi." Ya tashi ya wanke hannu a kusa da ni, ya tambaye ni tawul. Na miƙa masa, kuma har yau ina jin haushin da na miƙa.

Ran suna falonmu ya cika. Abokan aikin Baba, 'yan Nijar da ke hawa na biyu, matan Hausawan Zango da suka taya mu girki, kowa ya zo. Liman ya raɗa suna, aka sanar. Sunan ogan Baba na ofis ne. Shi ma dai mutumin da ba ubansa ba ne. Ogan ya yi murmushi, ya ci nama, ya tafi kafin la'asar. Da aka yi masa canjin wurin aiki bai sake tambayar ko yaron yana raye ba. Iya ta wuni a kicin tana tuƙa tuwo, ta yi wa kowa barka, ta amsa ta kowa. Ba wanda ya ga komai a fuskarta.

Washegari da hantsi ta ce in sa takalmi in raka ta. Ta ɗora kwat ɗin Baba a kan zaninta, ta sa safa biyu. Dusar ƙanƙara ta rufe lambun, muna tafe tana dafa kafaɗata. Da muka isa gindin hasumiyar sai ta tsayar da ni ɗan nesa.

"Tsaya nan," in ji ta. "Ba da ke zan yi magana ba, da dutsen nan zan yi. In kunnenki ya ji, ba ruwana."

Ta je ta dafa bangon da tafuka biyu, ta ɗaga kai tana kallon sama. Da farko ban ji ba, leɓenta kawai na san yana motsi. Sai ta sake, wannan karon na ji. "Iliyasu." Ta ja numfashi, ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba, har wani Bature mai yawo da kare ya tsaya yana kallonmu. "Iliyasu, sauko."

Ba abin da ya faru. Bango yana nan, sarƙa tana nan. Ta goge fuska da hannun kwat, ta juyo ta ce mu tafi, ƙafarta ta daskare. Ba ta sake yin labarin magini ba. Kura da zomo suka dawo bakin murhu, Abba ya ji daɗi. Da sanyi ya wuce ta ce a mayar da ita gida, jaririn ya yi ƙwari, ita kuma ta gaji da ƙasar da ake rufe hasumiya da sarƙa. Ba ta yi shekara biyu a can ba Allah ya karɓi abinsa.

Na girma da wannan fushi, kuma ban yi ƙoƙarin warkar da shi ba. Ina fushi da wanda ya sa aka ɗora dutse a kan jiƙaƙƙiyar laka don kada baƙo ya jira. Ina fushi da Baba. Kunya kuma, ban ce a zubar da ita ba, da ita aka rene ni kuma na san amfaninta. Amma wadda za ta ɗaure harshen yarinya tana kallon bango zai faɗa da mijinta, wannan ban yafe mata ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wataƙila ko ta kira shi ba zai sami lokacin saukowa ba. Iya ma ta san haka. Da ta kira, da ta sani. Ba ta kira ba, sai ta yi shekara hamsin tana tambayar kanta, har ta koma tambayar jikoki a bakin murhun gas.

Daga baya hukumar birni ta gyara hasumiyar. Aka wanke fentin, aka cire sarƙa, aka goge allon tagulla har yana ƙyalli. Na taɓa zuwa ɗakin karatu na tambayi ko an ajiye sunan waɗanda suka gina ta. Wata mata mai kirki ta fito mini da tsofaffin takardu. Ga wasiƙun attajirin, ga zanen ginin, ga wani hoto na dawaki suna jan dutse, maza tsaye a gefe da huluna a hannu. Na juya bayan hoton. An rubuta sunan wanda ya ɗauke shi.

Da na haifi ɗana na fari, na gaya wa maigidana sunan da nake so da dalilinsa, ya ce ba komai. Baba ya tsufa a lokacin. Ran suna ya kira ni gefe ya tambaye ni sunan wa aka sa, don bai san mai wannan suna a danginmu ba. Na ce masa, "Shi ne sunan da ka ce ba ka son ji." Ya ce a kawo masa jaririn, ya riƙe shi ya daɗe yana kallo. Amma har ya bar duniya bai kama sunan ba. Malam yake ce masa, duk sunayen duniya ya rasa wanda zai zaɓa sai wannan.

Ni kuwa ina kiran ɗana da sunansa. Matan unguwa sun yi magana har sun gaji. Wai Ummi ta zama Baturiya, tana kiran ɗan fari gatsau ko nauyin baki ba ta ji. Wata dattijuwa ta taɓa jana gefe ta ce in tuna tarbiyyar da kakata ta yi mini. Na ce mata ita nake tunawa.

Yana da shekara shida muka je lambun washegarin Sallah, mu da wasu iyalai, aka shimfiɗa tabarmi a gindin tudun. An yi ruwa da safe, duwatsu suna santsi. Ina zuba wa mutane abinci na ɗaga kai, sai na hango shi ya hau bangon matakalar hasumiyar ta waje, ya juya baya, yana neman inda zai sa ƙafa ya ƙara sama. Mata cike da tabarma, surukata a cikinsu. Na ajiye ludayi na miƙe.

"Iliyasu, sauko."

Tun kiran farko ya waiwayo. Ya sauko a hankali, ya zo ya tsaya a gabana yana tambaya me ya yi. Na ce bai yi komai ba.